Darasin Marmara ga Malamin Jami'a Mai Nazarin Sana'a

A 1975 gwamnati da Bankin Duniya suka kafa Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. An shigo da takin zamani da ingantaccen iri, an fitar da hanyoyin karkara, malaman gona suka bazu cikin ƙauyuka. Tubalin da aka ɗora shirin a kansa shi ne cewa ilimi da jari daga waje za su zo, manomi nasa karɓa.

Ana cikin haka wani mai bincike, Paul Clough, ya tare a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi, ya zauna daga 1977 zuwa 1979, ya kuma sake komawa a shekarun 1990. Littafinsa kan wannan bincike bai fito ba sai 2014. Abin da ya tarar ya saɓa wa wancan zato. Manoman da ke fataucin hatsi sun daɗe da sanin yadda ake juya kuɗi: ubangida ya ba yaronsa jari da kaka, a sayi dawa da masara a kasuwannin ƙauye, a adana, a fitar idan farashi ya hau. Amana ce jinginar. Ribar kuma ba ciniki kaɗai take komawa ba. Da ita ake sayen gona, a aurar da 'ya'ya da yaran gida, a ciyar da iyali mai yawa. Wannan hidima, wadda masanin tattalin arziki zai iya kira ɓarnar jari, ita ke samar wa attajiri hannuwan noma da mutanen da zai danƙa wa dukiya hankali kwance.

Tsarin yana da nasa ciwon. Ƙaramin manomi da bashi ya sa ya kai amfaninsa kasuwa tun da kaka, shi ne zai dawo ya saya da tsada da damina, ya haɗa da ƙwadago a gonar wani. Sai wanda ya ga kaka da damina a gari ɗaya zai gane yadda taimako da cin riba suke fita daga hannu guda.

A nan nake da ja da yadda muke renon malamai. Jami'o'inmu sun wajabta darasin koyon sana'a, amma ƙarin girma ya rataya ne a kan yawan maƙalu. Matashin malami a Samaru ko Dutsin-ma zai raba takardun tambayoyi a kasuwar Dandume ranar ci, ya rubuta da Turanci, dillalin da ya amsa masa ba zai taɓa jin sakamakon ba. Ba laifin malamin ba ne, ma'aunin ne ya kora shi. Kamata ya yi kwamitocin ƙarin girma su lissafa zaman shekara biyu a ƙauye, da rahoton Hausa da aka karanta wa ƙungiyar manoma a Bakori ko Ƙafur har suka yi masa gyara, a matsayin cikakken aikin ilimi.