Linjilar Yahuza: Abin da Ta Faɗa da Abin da Ba Ta Faɗa Ba



A shekarun 1970 aka tono wani tsohon kundi na takardun papirus a yankin Minya da ke ƙasar Masar, rubutacce da harshen Kibɗawa. Ya sha wuya a hannun dillalan kayan tarihi, har ya shekara 16 a akwatin ajiyar wani banki a jihar New York yana ruɓewa. Sai a watan Afrilu na 2006 ƙungiyar National Geographic ta fitar da fassarar wani matani da ke cikinsa, wato Linjilar Yahuza. Gwajin kimiyya ya nuna an kwafi kundin tsakanin shekara ta 220 da 340 miladiyya. Asalin matanin kuwa ya girmi haka, domin Irenaeus, bishop na Lyon, ya soki wani littafi mai wannan suna wajen shekara ta 180.

Mawallafansa suna cikin ƙungiyoyin da ake kira Gnostik, masu ganin tsira tana samuwa ne ta wani ɓoyayyen ilimi. Fassarar farko ta nuna Yahuza Iskariyoti a matsayin amintaccen almajiri. Amma a 2007 masaniya April DeConick ta ce an yi kuskure, kalmar da aka fassara da ruhi aljani take nufi.

A nan ne nake jan hankalinmu. Kada ɗoki ya sa mu ɗauka wannan ita ce Linjilar da aka saukar wa Annabi Isa (AS). An rubuta ta fiye da ƙarni guda bayansa. Ba ta ce an gicciye Yahuza a madadinsa ba. Wannan zance a Linjilar Barnaba yake. Ita ta ƙare ne a inda Yahuza ya karɓi kuɗi ya miƙa shi. Sannan tana koyar da cewa wasu ƙananan halittu na sama ne suka yi wannan duniya, abin da ya yi hannun riga da tauhidi.

Darajarta ta tarihi ce: shaida ce cewa Kiristocin ƙarni na 2 sun yi saɓani mai zurfi kan Allah da kan Almasihu. Wanda ya tsaya a nan ya yi adalci. Wanda ya ɗora mata abin da ba ta faɗa ba, ranar da abokin muhawararsa ya buɗe matanin, shi zai ji kunya.

Allah Ya sa mu riƙa bincike kafin magana. Wallahu a'alam.