'Yan Daudu: Inuwar da Ta Ƙare, da Yaran da Aka Bari a Rana

A makarantun Yamai babu zagin da ke karya yaro namiji kamar a ce masa ɗan daudu. Shi ya sa nake so mu duba tarihin wannan suna, domin ya girmi mu duka.

Masana suna danganta daudu da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori. Tun zamanin kakanni an san 'yan daudu a Kano, Katsina da Maraɗi: maza masu magana da rangwaɗa irin na mata. Suna dafa abincin sayarwa a tasha da kasuwa, suna soya kaji a gidan biki, wasu suna kawalci a gidajen mata masu zaman kansu. Ba dukkansu ke neman maza ba, da yawa sun yi aure sun haihu. Malamai ba su taɓa yaba musu ba, jama'a ma sun yi musu ba'a, amma an ci tuwonsu, an yi jana'izarsu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke riƙon ƙanana. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009, ya nuna cewa babban ɗan daudu yakan zama uwa ga yaron da ya baro gida, ya koya masa girki, ya ba shi wurin kwana. Ba na cewa gidajen nan ba su da aibu, ai yaro marar gata ko'ina ana iya cutarsa. Amma wanda uba ya kora yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Shekarar 2000 ta sauya komai. Zamfara da Kano suka ƙaddamar da shari'a, aka rufe gidajen karuwai, 'yan daudu da yawa suka watse. A Nuwamban shekarar, zanga-zangar adawa da bikin FIMA na Alphadi ta tashi a Yamai da Maraɗi, inda aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. A 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. A Janairun 2023 shi ma Bazoum Mohamed ya ce za a sa hukuncin luwaɗi a sabon kundin laifuffukan Nijar.

Dokokin nan na manya ne, amma zafinsu kan yara yake sauka. Ɗan shekara 14 da muryarsa ta yi laushi, ko wanda aka tsinci wani saƙo a wayarsa, sai a yi masa taron dangi a bayan aji, a yaɗa hotonsa a WhatsApp. Gida duka, makaranta dariya, tsohuwar inuwa kuma babu. Daga nan sai barin karatu da kwana a tasha, inda masu lalata yara suke jira.

Ban ce kowa ya sauya aƙidarsa ba. Amma Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da mugun laƙabi, ta hana bin diddigin asirin mutane, ba ta kuma cire kowane yaro ba. Abokan aikina malamai, mu hana wannan zagi a aji, mu rufa asirin yaron da ya kawo mana kukansa, kada mu kai wa uba labarin da zai sa a kore shi. Iyaye kuma, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.