Mutanen Da Ƙashinsu Ba Ya Karyewa



Da wuya a samu wani a cikinmu da bai san wata tsohuwa ba, a gida ko a unguwa, wadda ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, daga nan ba ta ƙara miƙewa da ƙafarta ba. Mukan ce tsufa ne, mu yi shiru. Likitoci kuwa suna da suna ga abin, wato zaizayewar ƙashi, kuma ya fi kama mata bayan al'ada ta ɗauke musu. Tarihin da za mu duba yau na ɗaya daga cikin magungunan wannan ciwo ne, maganin da ya samo asali daga wasu mutane ƙalilan a Afirka ta Kudu waɗanda matsalarsu kishiyar ta tsofaffinmu ce. Su ƙashinsu kauri yake yi har ya hallaka su.

Mutumin da ya daɗe yana bin sawunsu shi ne Peter Beighton. An haife shi a Ingila a 1934, ya yi karatun likita a asibitin St Mary's da ke Landan. A ƙarshen shekarun 1960 ya je Amurka ya yi aiki a ƙarƙashin Victor McKusick na Jami'ar Johns Hopkins, wanda ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin iyayen ilimin cututtukan gado. Daga can ya nufi Afirka ta Kudu, kuma a 1972 ya zama farfesan ilimin gadon halittar ɗan'adam a Jami'ar Cape Town. Likitocin gaɓoɓi sun fi saninsa da wani ma'auni mai maki 9 na gane mutumin da gaɓoɓinsa suka cika lanƙwasuwa, wanda ya fito a 1973 daga binciken da suka yi a tsakanin al'ummar Tswana, kuma har yau da sunansa ake kiran ma'aunin. Sai dai aikinsa da ya taɓa rayuwar tsofaffi a wani wajen yake.

Tun a 1958 wani likita mai suna Truswell ya ba da rahoton wani baƙon ciwo a Afirka ta Kudu, wanda a 1967 aka raɗa masa suna sikilerostiyosis. Mu dai mu kira shi ciwon kaurin ƙashi. Sau da yawa akan haifi jaririn da yatsun hannu biyu a manne, manuniya da na tsakiya. Yana girma ya fi sa'o'insa tsawo, haɓarsa ta yi faɗi. Ƙashin kansa ya yi ta kauri yana toshe ƙananan kafofin da jijiyoyi ke bi, sai fuska ta shanye, kunne ya daina ji. Mafi muni, ƙoƙon kai yakan matse ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi ya mutu farat ɗaya yana tsakiyar ƙuruciyarsa.

Yawancin masu ciwon Afirkana ne, wato Turawan Afirka ta Kudu jikokin 'yan Holan da suka fara sauka a gaɓar Cape a 1652. Mutane kaɗan ne suka kafa al'ummar, suka yi ta aure a tsakaninsu, don haka ƙwayar gadon da wani kaka ɗaya ya zo da ita ta bazu a cikin zuriya. Mu da muka san sikila ba za mu sha wahalar gane yadda abin yake ba. Wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya lafiyarsa ƙalau, kamar mai AS. Idan biyu irinsu suka yi aure, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon.

Beighton ya haɗa kai da Herman Hamersma, likitan kunne da hanci da maƙogwaro wanda masu ciwon ke zuwa wurinsa saboda kurumta da shanyewar fuska. Aikin nasu na haƙuri ne: gano iyalai, zana bishiyar zuriya, ɗaukar hoton ƙashi, sannan a koma bayan shekaru a ga wa ke raye, wa ya rasu. A 1976 suka wallafa bayanin mutum 25. A 2003 suka fitar da rahoton mutum 63 da aka bibiya tsawon shekara 38. A cikinsu 34 sun rasu, 24 ta sanadin ciwon, kuma matsakaicin shekarun waɗannan 24 a lokacin rasuwa 33 ne kacal.

A cikin waɗannan bayanai masu ban tausayi akwai wani abu da ya ja hankali. Ƙashin mutanen nan ba ya karyewa kamar na kowa, ko da sun yi mummunar faɗuwa, kuma ƙashi ne mai inganci.

Kafin mu ga muhimmancin wannan, sai mun tuna cewa ƙashi abu ne mai rai. Kullum akwai ƙwayoyin da ke rushe tsohon ƙashi, da wasu da ke gina sabo a gurbinsa, kamar gidan ƙasa da ake yi wa yaɓe duk shekara. A ƙuruciya magina ne ke kan gaba. Da shekaru suka ja, musamman idan sinadarin estirojin ya ragu a jikin mace, sai masu rushewa su rinjaya, ƙashi ya zama kamar itacen da gara ta ci. Yawancin magungunan da ake da su a da, rushewar kawai suke rage wa gudu. Ga kuma wasu mutane da jikinsu ke gini ba tsayawa. Me ya ɓace a jikinsu?

Amsar ta zo a 2001. Masu bincike na kamfanin Celltech a Amurka, ƙarƙashin Mary Brunkow, sun yi aiki da jinin iyalan da Beighton da Hamersma suka daɗe suna bibiya, suka gano ƙwayar gadon a kan kuromosom na 17, aka sa mata suna SOST. A shekarar dai wata tawaga a birnin Antwerp na Beljiyam ta kai ga wannan sakamako. Ƙwayar tana samar da wani furotin da aka kira sikilerostin, wanda ƙwayoyin da ke binne a cikin ƙashi ke fitarwa domin su ce wa magina ya isa haka. Birki ne, kuma masu ciwon kaurin ƙashi an haife su ba su da shi. A 2002 aka gano cewa wani ciwo makamancinsa, ciwon Van Buchem da ake samu a garin masunta na Urk a Holan, shi ma daga wannan ƙwaya matsalarsa take. Sannan a 2005 Beighton da abokan aikinsa suka nuna cewa 'yan'uwan marasa lafiyar masu ɗauke da ƙwaya ɗaya suna da ƙashi mai ƙarfi fiye da na sauran jama'a, ba tare da alamun ciwon ba. Wannan ya ƙarfafa tunanin cewa idan aka sassauta birkin kaɗan, na ɗan lokaci, za a iya samun amfanin a kauce wa illar.

Kamfanonin Amgen da UCB suka ƙera allurar da ke kama sikilerostin ta hana shi aiki, mai suna romosozumab. A wani gwaji da aka wallafa a 2016, wanda ya ƙunshi mata 7,180 da al'ada ta ɗauke musu, sabuwar karayar ƙashin baya ta ragu da kashi 73 cikin 100 a shekara guda, idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki. Japan da Amurka suka amince da maganin a 2019, ana sayar da shi da sunan Evenity, allura sau ɗaya a wata har wata 12. Yana da nasa haɗarin, domin hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a ba wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a cikin shekarar da ta gabata. Ga kuma tsada, wadda ta sa ya fi ƙarfin yawancin tsofaffin nahiyar da aka samo asalinsa.

Idan muka ƙirga daga rahoton Truswell zuwa ranar da maganin ya shiga kasuwa, shekara 61 ke nan. Fiye da rabin wannan lokaci babu wanda ya san aikin zai kai ga magani, likitoci ƙalilan ne kawai suke rubuta abin da suka gani a jikin mutanen da ba su kai ɗari ba. Beighton ya rasu a 2023, ya ga maganin da idonsa.

Su kuwa iyalan da suka ba da jininsu, maganin bai yi musu komai ba, tunda abin da yake toshewa su dama ba su da shi. Har yanzu abin da ake yi wa mai ciwon kaurin ƙashi shi ne tiyata: a sassaƙe ƙoƙon kai domin ƙwaƙwalwa ta samu sarari, a buɗe wa jijiyoyin fuska hanya, a sa masa na'urar ji. Duk lokacin da aka ba da tarihin wannan allura, ya kamata a fara da su.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.