Begen Mutum-mutumin Ƙarfe a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya zauna majalisar magidantan Funtuwa ko Malumfashi waɗanda shekarunsu suka kai arba'in zuwa hamsin, ya kuma yi haƙuri har hira ta gangaro kan zamanin ƙuruciya, zai ji an ambaci Voltron, wato ƙaton mutum-mutumin nan da zakuna biyar na ƙarfe suke haɗuwa su zama shi, da irin shauƙin da ba a cika nuna wa abin da ba shi da rai ba. Asalin shirin na Japan ne, na shekarar 1981, aka sake masa tufafi a Amurka a 1984, sa'an nan NTA ta kawo shi gidajenmu. Masu irin wannan bege suna da yawa a duniya, domin a Ingila ma akwai waɗanda har gobe suke kewar Metal Mickey, mutum-mutumin da aka nuna wa yaransu daga 1980 zuwa 1983. Abin da nake da'awa a wannan maƙala shi ne, begen mutanenmu halal ne kuma yana da tushe, amma galibinsa ya rataya ne a kan halin da aka yi kallon da abin da yara suka aikata bayan kallon, ƙarfen kuwa sababi ne kawai.

Sai a fara duba halin. Talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasa a ƙarƙashin NTA a 1977, kuma har zuwa 1987 da aka yanke Jihar Katsina, Funtuwa da Malumfashi a Jihar Kaduna suke, can ne kuma ake juya sandar eriya. Ko da yake Funtuwa gari ne na auduga da jirgin ƙasa da masaƙa, wanda kuɗin noma ya shige shi tun da wuri, akwatin talabijin bai zama ruwan dare ba. Sau da yawa gida guda ne a layi yake da shi, sai yaran unguwa su taru bayan sallar la'asar, idan an taso daga makarantar allo, lokacin da tasha take buɗewa, su cika tsakar gida ko su yi cincirindo a taga, suna fatan kada a ɗauke wuta. Mafi yawansu ba sa jin Turancin da ake yi, saboda haka wanda ya ɗan taɓa boko shi ne tafinta, abin da ya kasa fassarawa kuwa sai ya ƙaga, sauran su yi masa gardama. Ta haka labarin da aka tsara a wata nahiya ya koma tatsuniya mai riwayoyi da dama, kowace unguwa da tata.

Abu na biyu, wanda a wurina shi ne mafi nauyi, shi ne ƙira. Yaron da ya tashi a ƙasar dawa da masara ba ya rasa kayan aiki: da kaka ta yi, kara ya bushe, sai ya feƙe ɓawonsa, ya yanka totuwarsa gunduwa-gunduwa, ya soka wannan cikin wancan, har mota ta fito, ko tabarau, ko jirgin sama, wanda ya fi hikima kuma ya nemo gwangwanin madara da langalanga da tsohon silifa ya yi taya. Wannan fasaha ta girmi talabijin nesa ba kusa ba. Abin da baƙon ƙarfen ya ƙara mata shi ne sabuwar siffa da za a kwaikwaya, da kuma tambayar da take ita ce mafarin ilmin injiniya, wato yaya gaɓoɓi suke haɗuwa su motsa. Yaron da ya kalli shiri na rabin sa'a, ya kwana uku yana gwada yadda hannun kara zai lanƙwashe ba tare da ya karye ba, haƙiƙa ya amfana fiye da abin da masu shirin suka nufa da shi.

Wani zai ce ai mutum-mutumin da yaran suke ƙerawa sura ce, shari'a kuwa ta yi tsanani a kan surori. Jawabi shi ne, malamai sun daɗe da bambance gunki da abin wasan yara, bisa hujjar hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da ya tabbatar tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Alƙali Iyal, babban malamin Malikiyya, yana cikin waɗanda suka bayyana wannan rangwame ga 'yan mata, domin su saba da reno. 'Yar tsanar da 'ya'yanmu mata suke goyawa ba ta taɓa zama abin zargi a gidajen malamai ba.

Inda abin yake yi mini ciwo shi ne, muna da namu. Ƙasar Hausa ta san dabo-dabo, wasan da mai shi yake ɓuya cikin babbar riga yana motsa 'yan tsana suna magana, har an rubuta bayanin ɗan'uwansa na Barno tun 1935. Muna da tashe, inda yara da kansu suke shirya kamanni a watan azumi. Tashoshin da suka iya fito da Samanja da Kasimu Yero, har manya suka riƙa barin abin da suke yi don kallonsu, ba za a ce sun rasa basirar ƙaga wa yaro Bahaushe ɗan tsana mai magana da harshensa ba, sai dai ba a ba abin muhimmancin da ya cancanta ba. Da shirin Sesame Square ya zo a 2011, da tallafin Amurka, aka samu 'yan tsana Kami da Zobi, daga baya aka mayar da shirin Hausa, kuma wannan alheri ne. Amma Zobi doya yake so, yaron Malumfashi kuwa da tuwon masara aka yaye shi.

Yau wayar hannu ta kawo wa kowane yaro mutum-mutumi dubu, yana kallonsu shi kaɗai, ba tafinta, ba gardama, kuma kayan wasa na roba sun cika kasuwar Funtuwa da araha har ba ya bukatar feƙe kara. Tsofaffin da suka ga dabo-dabo da idonsu suna ƙarewa, ya kamata kuwa ɗaliban sashen Hausa da na wasan kwaikwayo a Zariya da Katsina su isa gare su da na'urar ɗaukar magana tun suna iya bayyana yadda ake sassaƙa 'yan tsanan, da yadda mai wasan yake sauya muryarsa.