Sayi, garin Alfa Mahaman Jobbo

Yau za mu kai ku bakin kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa. Garin da za mu sauka shi ne Sayi.

Sayi tana kudu da Yamai, tafiyar kilomita wajen 55. Tana hayin Gurma, watau gefen yamma na kogi, cikin jahar Tilaberi.

Wajen shekarar 1825 wani malami Bafillace, Alfa Mahaman Jobbo, ya zauna a wurin da almajiransa. Ba da takobi ya tara mutane ba. Karatu da sulhu suka jawo su. Fulani da Zabarmawa suka zo suka kafa gidaje kewaye da shi, garin kuwa ya bi sarkin Gwandu.

Ku lura da wannan, don nan ne arzikin Sayi ya fito. A lokacin babu gada ko ɗaya bisa kogin. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro, da yawansu a Sayi suke ƙetarewa. Su sauke kaya, su jira jirgin ruwa, su ci abinci, su biya masu fito. Watakila kakan wani daga cikinku ya kwana can da jakunansa.

A 1853 Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙetare a nan zai tafi Tumbutu. A 1890 Faransa da Ingila suka ja layi bisa takarda daga Sayi zuwa Barwa, bakin tafkin Cadi, don su raba ƙasa. Ba su tambayi mutanen Sayi ba.

Daga baya Yamai ta zama babban birni a 1926, aka kuma gama gadar Kennedy a 1970. Fito ya koma can, Sayi ta yi sanyi. Amma karatu ya komo gida: a 1986 aka buɗe Jami'ar Musulunci a garin.

In kuna son zuwa daga Damagaram ko Maraɗi, ku bi babbar hanya ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso har Yamai. Mutanen Tawa su ma ta Ƙonni za su biyo. A Yamai ku hau gada, ku shiga motar Sayi. Amma shekarun nan ƴan bindiga sun dami hayin Gurma. Ku tambayi direbobi a tasha labarin hanya kafin ku biya kuɗin mota, kuma ku tashi da safe.