Daga Karara zuwa Titin Canal: Tarihin Ƙarin Abinci da Cutar Karkarwa ta Parkinson

Titin Canal, wanda ya ratsa unguwar Sinawa a kudancin Manhattan, ba baƙo ba ne ga fataken Afirka ta Yamma. Paul Stoller ya nuna a nazarinsa na 2002 yadda 'yan Nijar masu kasa kaya a Harlem ke saro haja daga can. A titin da lungunan da ke kewaye da shi akwai shagunan sauyoyi da ganyaye, inda ake sayar da saiwar tianma, wadda likitancin gargajiya na Sin ya daɗe yana bai wa masu jiri da karkarwa, tare da kwalaben ƙwayoyin ƙarin abinci. Wannan maƙala tana bibiyar yadda irin waɗannan kwalabe suka shiga tarihin cutar da James Parkinson ya siffanta a Landan a 1817.

Tun asali, babban maganin cutar daga abinci ya fito. A 1913 Marcus Guggenheim ya tace sinadarin lebodofa daga wani nau'in wake, sannan a 1937 masana a Indiya suka same shi a ƙwayar karara, tsiron nan da Bahaushe ya fi sani da ƙaiƙayin kwansonsa. Ba a fahimci amfaninsa ba sai bayan 1960, lokacin da Oleh Hornykiewicz ya gano a Biyana cewa sinadarin dofamin yana ƙaranta a ƙwaƙwalwar masu cutar, alhali daga lebodofa jiki ke samar da shi. A jihar New York aka kammala aikin: a 1967 George Cotzias na cibiyar Brookhaven ya tabbatar cewa idan ana ƙara adadin sannu a hankali, majinyata suna samun sauƙi ƙwarai. A 1970 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi.

Sai dai lebodofa alamomi yake kwantarwa, ba ya tsayar da cutar, kuma wannan giɓi ne ya buɗe wa ƙarin abinci kasuwa. An gwada bitamin E a babban binciken DATATOP, sakamakon 1993 bai nuna fa'ida ba. An dakatar da gwajin sinadarin CoQ10 a 2011, na kiriyatin kuma a 2013, duk saboda rashin alamar nasara.

Abin da ya fi tasiri a kan shagunan Canal ba gwaji ba ne, doka ce. A 1994 majalisar Amurka ta zartar da dokar da ta ware ƙarin abinci daga magunguna. Mai sarrafawa ba ya buƙatar ya tabbatar cewa hajarsa tana aiki kafin ya kai ta kasuwa. Amma an hana shi iƙirarin warkar da wata cuta. Ta wannan ƙofa garin karara, wanda lebodofa ne na haƙiƙa a cikinsa, ya koma kanti ba tare da takardar likita ba. Binciken da mujallar JAMA Neurology ta buga a 2022 ya iske adadin sinadarin ya bambanta matuƙa daga kwalba zuwa kwalba, kuma sau da yawa ya saɓa wa abin da aka rubuta a jikinta. Ga majinyacin da ake auna wa magani gwargwadon awa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

A ganina, kuskure ne a ɗora laifin a kan tsiron. Ƙananan gwaje-gwaje, a Landan a 2004 da Bolibiya a 2017, sun nuna garin karara da aka auna yana rage alamomin cutar, kuma Roberto Cilia da abokan aikinsa sun yi nazarin sarrafa shi domin ƙasashen da maganin asibiti ya fi ƙarfin talaka. Yana da nakasu: babu kabidofa a cikinsa, sinadarin da ake haɗawa da lebodofa don rage tashin zuciya. Amma ga manomin Katsina ko Maraɗi da wata-wata ba ya iya sayen ƙwaya, tambayar da ta rage ga masana ita ce wa zai auna masa garin, kuma da wane ma'auni.