Gilashin Yuraniyom: Daga Bohemiya Zuwa Duwatsun Wuya na Ƙasar Hausa

Gilashin yuraniyom gilashi ne da aka zuba wa gishirin ƙarfen yuraniyom tun yana narke, don ya ba shi launin rawaya ko kore. Yawanci abin da ake zubawa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ba. Da rana ba a rabe shi da sauran gilasai masu launi, amma in aka haska masa fitilar UV cikin duhu sai ya kama walƙiya, kore shar, har ya haska tafin hannun mai riƙe da shi.

Masanin haɗa sinadarai na Jamus, Martin Heinrich Klaproth, shi ya gano yuraniyom a Berlin a 1789, cikin wani baƙin dutse mai nauyi da masu haƙar azurfa ke zubarwa. Fiye da shekara 100 babban amfanin ƙarfen bai wuce rini ba. A shekarun 1830 Josef Riedel, mai masana'antar gilashi a Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, ya fitar da launi biyu, rawaya da kore, ya sa musu sunan matarsa Anna. Kamfanin Baccarat na Faransa da masana'antun Ingila suka bi sahu, kofuna da kwanonin alawa da kwalaben turare suka cika gidajen masu hali. A Amurka an riƙa kiran mai rawayar da sunan man Vaseline, don launinsu ya zo ɗaya a lokacin.

A lokacin ma'adinin yana fitowa ne daga garin Joachimsthal, inda gwamnatin Ostiriya ta kafa masana'antar launi a shekarun 1850. Cikin tarkacen da wannan masana'anta ke zubarwa ne Marie da Pierre Curie suka gano radiyom a 1898, shekara 2 bayan Henri Becquerel ya lura cewa yuraniyom na fitar da wani tiriri da ido ba ya gani. Abin mamaki, walƙiyar gilashin ba ta da alaƙa da wannan tiriri. George Stokes ya bayyana ta tun 1852: gilashin yana shanye hasken da ya wuce shunayya, wato UV, wanda idon mutum ba ya kamawa, sai ya mayar da shi kore. A 1903 Ba'amurke Robert Wood ya ƙera baƙin gilashi mai tare hasken da ake gani ya bar na UV ya wuce, kuma daga nan fitilun UV na gwaji suka samo asali.

Ƙasar Hausa ta haɗu da wannan gilashi ta hanyar kayan ado. Garin Gablonz na Bohemiya, wanda yau ake kira Jablonec, ya shahara da ƙera duwatsun wuya na gilashi don kasuwannin Afirka da Indiya, kuma cikinsu akwai masu yuraniyom, 'yan dunƙule masu fuska-fuska, rawaya garai-garai ko kore mai hazo. Masu tara kayan tarihi sun fi samunsu a Afirka ta Yamma, musamman Mali. Hanyar shigowar kayan Turai sananniya ce: daga Tarabulus zuwa Gadamas da Gat, a ratso Azbin, a sauko Damargu. Heinrich Barth ya bi ta daga Gat, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 kafin ya wuce Gazawa da Katsina, kuma ya lissafa duwatsun ado cikin hajar Turai da ya tarar a kasuwar Kano. Garuruwa irin su Kona da Mayahi suna cikin yankin da fatake suka riƙa zagayawa da wannan haja, daga tsakiya har jigida, kuma irin waɗannan kaya uwa ce ke bar wa 'yarta.

Daga ƙarshen shekarun 1960 sai kayan suka juya. Turawa da Amurkawa suka fara neman tsofaffin duwatsun, 'yan koli Hausawa suka shiga ƙauyuka suna saye, suna shiryawa a zare, suna kai su kasuwar Kurmi ta Kano, Akara da Abijan, wasu har Amurka.

Yaƙin duniya na biyu ya yanke sana'ar. Amurka ta kame yuraniyom domin aikin bam a farkon shekarun 1940, ba ta sake shi ga masu gilashi ba sai 1958, kuma wanda aka ba su bayan nan an riga an tace masa mafi yawan ɓangaren da ake nema don makamashi. Yuraniyom na ƙasar Nijar kuwa bai tarar da zamanin gilashin ba. An gano shi a Azelik a 1957, kamfanin Somaïr ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ya biyo a Akuta a 1978 ya rufe a 2021, galibi don tashoshin wutar nukiliya. Wato yuraniyom ya shigo ƙasar a wuyan mata shekaru da dama kafin ya fita a cikin ganguna.

Gwajin gane dutsen ado mai yuraniyom ba shi da wahala. Fitilar ita ce irin wadda bankuna da 'yan canji ke duba takardun sefa da naira da ita don gane jabu, kuma yanzu akwai ta kamar 'yar tocila. Iri biyu aka fi sayarwa, mai lamba 395 da mai lamba 365. A shiga ɗaki a rufe taga, a shimfiɗa zaren duwatsun kan baƙin ƙyalle, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai yuraniyom yakan haska gaba ɗayansa, ciki da waje, da ko wace fitila, maƙwabcinsa na zare ɗaya kuwa ya zauna dishi-dishi.

Inda ake ruɗuwa shi ne manganis, wanda masu gilashi suka daɗe suna zubawa don wanke launi. Shi ma yana ba da kore, amma mai rauni, kuma ya fi bayyana da fitila mai lamba 365. Kadmiyom yana ba da rawaya ko ja, dalma kuma shuɗi-shuɗi. Robar zamani da wasu rinuna su ma suna walƙiya. Don haka dillalin da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci da fitila kaɗai, sai ya kara na'urar Geiger mai auna tiriri ya ji ko ƙarar ta ƙaru. Fitila ba ta faɗin shekaru kuma, domin har yau ana ƙera sababbin duwatsun yuraniyom a ƙasar Cek. Tsufa ana duba shi ne a bakin huda, inda zare ya ci, da kuma dusashewar kaifin fuskokin.

Hukumar kula da harkar nukiliya ta Amurka ta bincika irin waɗannan kayayyaki a 2001, ta ga tiririn da mai amfani da su ke sha kaɗan ne in an gwada da wanda kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama. Hatsarin yana ga ƙurar gilashin. Masu ƙera duwatsu a Krobo ta Gana da Kiffa ta Muritaniya suna daka tsohon gilashi ya zama gari kafin su gasa, kuma wanda ya yi walƙiya a ƙarƙashin fitila bai kamata ya shiga turmi ko dutsen washi ba.